Yadda Japan Ta Mayar Da Takobi Jari: Darasi Ga Masu Masana'antu A Idu

IDU, Abuja. A ranar 26 ga watan Yuli na 2016 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin dogo mai tsawon kilomita 186, wanda ya tashi daga tashar Idu da ke yammacin Babban Birnin Tarayya ya dire a Rigasa ta Kaduna. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya yi aikin, kuma daga cikin kuɗin da aka kashe akwai rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar ta Sin. Kawunan jiragen da taragunsu duk daga waje aka shigo da su.

Ba nisa da tashar akwai yankin masana'antu na Idu, wanda aka keɓe tun cikin tsarin birnin domin ƙere-ƙere da ajiyar kaya. A nan ne hedkwatar hukumar NASENI take, wadda aka kafa a 1992 domin samar wa ƙasar nan kayan aikin kimiyya da injiniyanci, haka kuma a nan cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, ke da mazauni. Ke nan a wannan yanki guda an haɗa dogon da baƙi suka shimfiɗa da hukumomin da aka ɗora wa nauyin koya wa 'yan ƙasa yin irin wannan aiki da hannunsu. Tambayar da ta shafi duk mai jari a wurin ita ce, idan lokacin shimfiɗa layi na gaba ya yi, ko lokacin sauya ƙafafun taragu da kayan birki, wa zai yi aikin, kuma aljihun wa kuɗin zai shiga?

Akwai ƙasar da ta fuskanci wannan tambaya shekaru fiye da 150 da suka wuce. A ranar 14 ga Oktoba, 1872, Japan ta buɗe layin dogonta na farko, mai tsawon kilomita 29, tsakanin Shimbashi ta birnin Tokyo da tashar jiragen ruwa ta Yokohama. Injiniyoyin Ingila ne suka tsara shi, da rancen da aka ciwo a Landan. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon milimita 1,067 ce, wato daidai da ta layin da Turawan mulkin mallaka suka kawo Kano a 1911. Ƙasashen biyu sun fara da awo ɗaya da malamai ɗaya, amma kowace ta kama hanyarta daban.

Ƙasar da ta rufe ƙofarta

Daga 1603 zuwa 1868 zuri'ar Tokugawa ce ke riƙe da Japan. Akwai sarki a birnin Kyoto wanda ake girmamawa, amma mulki na hannun shugaban mayaƙa mai laƙabin shogun, wanda ke zaune a Edo, birnin da yanzu ake kira Tokyo. A ƙarƙashinsa akwai hakimai sama da 250, kowane da ƙasarsa da dakarunsa. Waɗannan dakaru su ne samurai, barade 'yan gado, waɗanda su kaɗai doka ta yarje wa rataya takubba biyu. Da su da iyalansu ba su wuce kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, kuma da shinkafar da manoma ke biya haraji ake ba su albashi.

Tun daga shekarun 1630 gwamnatin Tokugawa ta hana 'yan ƙasa fita waje, ta kuma taƙaita ciniki da Turawa ga mutanen Holan kaɗai, a wani ɗan tsibiri da ke bakin Nagasaki. Zaman lafiyar da ya biyo baya ya daɗe fiye da shekara 200, har ya sauya sana'ar baraden. Tun da babu yaƙi, sai suka koma malaman ofis, masu ƙididdigar haraji, masu kula da rumbuna da shari'a. Makarantun hakimai sun koya musu rubuce-rubucen malamin nan na Sin, Confucius, waɗanda ke jaddada biyayya, riƙon amana, ƙanƙan da kai a wajen ci da sha, da jin kunyar kasa sauke nauyi. Su kuwa 'ya'yan talakawa suna da dubban ƙananan makarantu da ake kira terakoya, masu kama da makarantun allo, inda ake koyon karatu da rubutu da lissafi.

A watan Yuli na 1853 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Perry, ya iso mashigin Edo da jiragen yaƙi huɗu, ya nemi a buɗe ƙofa. Japanawa sun ga ba su da bindigar da za ta tare shi. A 1858 aka sa su rattaba hannu kan yarjejeniyoyin da suka ƙwace musu ikon yanka kuɗin fito yadda suke so, suka kuma hana kotunansu hukunta Bature. Wannan ƙasƙanci ne ya harzuƙa matasan samurai na yankunan Satsuma da Choshu, har suka kifar da mulkin shogun a 1868 da sunan mayar da iko ga matashin Sarki Meiji.

An sauke takobi

Abin da ya fi ba masana tarihi mamaki shi ne, samurai ne suka kafa sabuwar gwamnatin, kuma su ne suka rushe gatan samurai. A 1871 aka soke ƙasashen hakimai, aka mayar da su larduna a ƙarƙashin gwamnati ta tsakiya. A 1872 aka kafa dokar ilmin firamare ga kowa, maza da mata. A 1873 aka buɗe aikin soja ga ɗan kowa, sa'an nan aka sauya harajin gona daga shinkafa zuwa tsabar kuɗi, a kan kashi 3 cikin 100 na darajar fili, tare da ba kowane mai gona takardar mallaka. Da wannan ne gwamnati ta san abin da zai shigo baitulmali kowace shekara, ko an yi damina mai albarka ko ba a yi ba.

Sauran matsalar ita ce albashin baraden, wanda ke cinye kusan sulusin abin da gwamnati ke kashewa. A 1876 aka hana rataya takobi, aka kuma tsayar da albashin gado baki ɗaya. A madadinsa aka raba wa mutum kimanin 313,000 takardun lamunin gwamnati masu darajar yen miliyan 174 ko kusa da haka. A cikin shekarar aka gyara dokar bankuna yadda mai irin wannan takarda zai iya zuba ta a matsayin jarin kafa banki. Kafin ƙarshen 1879 an kafa bankuna 153. Haka kuma dukiyar tsofaffin hakimai ce ta zama ginshiƙin kamfanin jiragen ƙasa na farko mai zaman kansa, wanda aka kafa a 1881.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan ba. Da yawa daga cikin ƙananan samurai sun faɗa kasuwanci ba su san kansa ba, suka karye, har abin ya zama abin ba'a a tsakanin jama'a. A 1877 Saigo Takamori, ɗaya daga cikin jagororin juyin 1868, ya jagoranci tawayen Satsuma, amma sojojin gwamnati, waɗanda yawancinsu 'ya'yan manoma ne, suka murƙushe su. Daga nan aka rufe babin takobi. Abin da ya saura ga baraden shi ne karatunsu da tarbiyyarsu, kuma da su suka cika ofisoshi da makarantu da aikin 'yan sanda da sababbin kamfanoni.

Saye da sharaɗin koyo

A watan Disamba na 1871 gwamnati ta tura ayarin manyan jami'anta kimanin 50 ƙarƙashin Iwakura Tomomi, tare da ɗalibai, zuwa Amurka da ƙasashen Turai. Sun shafe kusan shekara biyu suna zagaya masaƙu da ma'aikatun ƙarfe da bankuna da makarantu, suna rubuta duk abin da suka gani. Da suka dawo a 1873 sun gamsu cewa ƙarfin Turawa daga masana'antu da ilmi yake, kuma ratar ba ta fi ƙarfin a cike ta ba.

Gwamnati ta ɗauko ɗaruruwan ƙwararru daga waje a kan albashi mai tsoka. Baturen da ke shugabantar harkar jiragen ƙasa, William Cargill, yana karɓar yen 2,000 a wata, a lokacin da babban wazirin ƙasar ke karɓar 800. To amma kwantiraginsu na ƙayyadadden lokaci ne, ikon yanke shawara yana hannun Japanawa, kuma kowane baƙo an jingina masa matasan da zai koyar. Injiniyan farko na layin Yokohama, Edmund Morel, wanda ya rasu a 1871 kafin a buɗe layin, shi da kansa ya ba da shawarar a kafa makarantar horar da injiniyoyi. A 1873 kwalejin injiniyanci ta Tokyo ta fara aiki a ƙarƙashin wani matashi ɗan Sikotilan, Henry Dyer.

Wanda ya fi kowa tsayawa kan wannan manufa shi ne Inoue Masaru, ɗan samurai daga Choshu, wanda ya sulale zuwa Landan a 1863 tun ana hukunta mai fita waje, ya karanci aikin ma'adinai da na dogo. Da ya zama shugaban hukumar jiragen ƙasa, ya buɗe makarantar horar da ma'aikatan dogo a Osaka a 1877. A 1880 aka buɗe layin Kyoto zuwa Otsu, wanda ya ratsa ta cikin dutsen Osakayama, kuma Japanawa ne suka fasa dutsen da hannunsu. Shekara takwas ke nan kacal bayan layin farko. A 1893 aka ƙera kan jirgi na farko a ma'aikatar Kobe, a ƙarƙashin kulawar wani injiniya ɗan Ingila, sa'an nan a 1896 Inoue ya kafa kamfanin ƙera kawunan jirage da taragu mai zaman kansa.

Haka kuma sun yi taka-tsantsan da bashi. Rancen fam miliyan ɗaya da suka ciwo a Landan a 1870 yana da ruwa kashi 9 cikin 100, kuma kuɗin kwastan aka ba da jingina. Bayan wani rance na biyu a 1873, sai suka kame daga cin bashin waje har fiye da shekara 20, domin sun ga abin da bashi ya jawo wa Masar da Daular Usmaniyya.

Fatake da ma'aikatan banki

Kuskure ne a ɗauka samurai kaɗai suka yi wannan aiki. A zamanin Tokugawa an ajiye 'yan kasuwa a ƙasan kowa a jerin daraja, amma su ke ba hakimai bashi. A 1673 Mitsui Takatoshi ya buɗe kantin yadi a Edo, ya kawo tsarin farashi ɗaya, kuɗi hannu, ba ciniki ba bashi. A Osaka, kasuwar shinkafa ta Dojima ta sami amincewar hukuma a 1730, kuma a can ake saye da sayar da amfanin gonar da ba a girbe ba tukuna. Fataken yankin Omi kuwa sun shahara da ƙa'idar cewa ciniki ba ya cika sai ya amfani mai sayarwa, ya amfani mai saye, ya kuma amfani jama'ar gari. Duk Bahaushen da ya san tarihin fataucin goro zuwa Gwanja, inda madugu da fatoma ke juya dukiyar mutane ba tare da takarda ba, ya san cewa irin wannan amana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Mutumin da ya haɗa tarbiyyar barade da basirar fatake shi ne Shibusawa Eiichi, wanda ya rayu daga 1840 zuwa 1931. Ɗan manomi ne mai sana'ar baba, irin wanda marina ke amfani da shi, daga bisani ya sami matsayin samurai. A 1867 ya je bikin baje kolin duniya a Paris, inda ya ga yadda mutane da yawa ke haɗa ƙananan kuɗi su kafa babban kamfani. Ya yi aiki a ma'aikatar kuɗi, ya ajiye a 1873, ya jagoranci bankin zamani na farko a ƙasar. Kafin rasuwarsa yana da hannu a kafa kamfanoni kusan 500, na takarda da inshora da jiragen ƙasa da iskar gas da sauransu. Koyarwarsa ita ce, riba da kyawun hali ba kishiyoyi ba ne, kuma dole ɗan kasuwa ya riƙe littafin ɗa'a a hannu ɗaya, soroban a ɗaya hannun, wato abin lissafinsu mai 'ya'ya kamar na carbi. Tun watan Yuli na 2024 hotonsa ne a kan takardar yen 10,000.

Misalin da ya fi dacewa da masu masana'antu shi ne kamfanin zare na Osaka. Ƙananan masaƙun da gwamnati ta tallafa wa, masu mazari 2,000, sun kasa gogayya da zaren Ingila da na Indiya. Shibusawa ya tara jari daga 'yan kasuwa da tsofaffin hakimai, ya ɗauki nauyin wani ɗalibi, Yamanobe Takeo, ya shiga masaƙun lardin Lancashire ya koyi aikin daga tushe. Kamfanin ya fara aiki a 1883 da mazari 10,500, dare da rana, ya kuma ci riba tun da wuri. Wasu suka kwaikwaya. A 1897 zaren da Japan ke fitarwa ya zarce wanda take shigowa da shi, a 1933 kuma ta sha gaban Birtaniya wajen sayar da yadin auduga a duniya. Abin ya kai ga a 1934 Birtaniya ta ƙayyade yawan yadin Japan da zai shiga ƙasashen da take mulki, ciki har da Nijeriya.

Ita ma gwamnati ta san lokacin janye hannu. Ta gina masana'antun gwaji, kamar masaƙar siliki ta Tomioka a 1872, amma da asara ta yi yawa sai ta shiga sayar da su daga shekarun 1880. Iwasaki Yataro, wanda ya kafa Mitsubishi, ya karɓi ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Nagasaki haya a 1884, kamfanin ya saye ta a 1887. Mitsui ta sayi Tomioka a 1893. Ministan kuɗi Matsukata Masayoshi, wanda ya hau a 1881, ya rage kashe kuɗi, ya janye takardun kuɗin da suka yi yawa a hannun jama'a, ya kafa babban bankin ƙasa a 1882. A 1911 ne Japan ta maido da cikakken ikonta na yanka kuɗin fito.

Abin da gyaran ya ci

Duk da haka, wannan ci gaba bai zo kyauta ba. Matsin da Matsukata ya kawo ya karya farashin shinkafa da siliki, manoma da yawa suka rasa gonakinsu, har aka yi boren Chichibu a 1884. 'Yan matan ƙauye da ke aiki a masaƙu suna shafe sa'a 12 ko fiye a kan injin, tarin fuka ya hallaka da yawansu. Ma'adinin tagulla na Ashio ya gurɓata koguna da gonaki. An sayar da kadarorin gwamnati da araha ga makusanta, abin da ya haifar da manyan gidajen jari da ake kira zaibatsu.

Ita kanta aƙidar samurai, wadda ake kira bushido, tana buƙatar a duba ta da idon basira. Littafin da ya yaɗa sunanta a duniya, wanda Nitobe Inazo ya rubuta da Ingilishi aka buga a ƙarshen ƙarni na 19, ya ƙawata baraden fiye da yadda tarihi ya nuna su. A shekarun 1930 sojoji suka mayar da biyayya ga sarki makamin rufe bakin jama'a, suka mamaye maƙwabta, suka jefa ƙasar cikin yaƙin da ya ƙare da bama-baman Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta na 1945. Ladabi da juriyar da suka gina masana'antu su ne suka ba da damar wannan ɓarna a lokacin da babu mai iya tambayar shugabanni.

Tashi na biyu

Bayan yaƙin an sake wani gyaran a ƙarƙashin mamayar Amurka. An raba gonaki ga manoman da ke aikinsu, an wargaza zaibatsu, a 1949 kuma aka tsayar da canji a kan yen 360 kowace dala. A 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin Japan ta gayyaci wani masani Ba'amurke, Edwards Deming, ya koyar da shugabannin kamfanoni yadda ake auna ingancin kaya da ƙididdiga. A lokacin ana yi wa kayan Japan kallon na banza. Kamfanoni irin su Toyota suka ɗauki darasin suka faɗaɗa shi zuwa abin da ake kira kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum, inda ƙaramin ma'aikaci ke da ikon tsayar da injin idan ya ga aibi, a nemo musabbabinsa nan take.

A ranar 1 ga Oktoba, 1964, aka buɗe layin jirgi mai tsananin gudu, Shinkansen, tsakanin Tokyo da Osaka, kilomita 515, da gudummawar rancen dala miliyan 80 daga Bankin Duniya. Japanawa ne suka tsara shi suka ƙera shi, a kan tazarar milimita 1,435, irin wadda ke kan layin Idu zuwa Rigasa. Da bashin hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati ya kai kimanin yen tiriliyan 37, an raba ta gida bakwai a ranar 1 ga Afrilu, 1987, domin a mayar da su hannun 'yan kasuwa. Ita ma Japan ta yi tuntuɓe: farashin filaye da hannayen jari ya kumbura ya fashe, har ma'aunin kasuwar Tokyo bai sake kai matsayinsa na Disamban 1989 ba sai a Fabrairun 2024.

Daga Kaduna zuwa Idu

Arewacin Nijeriya ya san aikin Japanawa ido da ido. A shekarun 1960 wasu manyan kamfanonin zare na Japan suka haɗa jari da hukumomin Jihar Arewa aka kafa masaƙar Arewa Textiles a Kaduna. Kamfanin Chiyoda ne ya gina matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980. Honda ta kafa ma'aikatar haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun bayan shigowarta a 1979. A yankin Abuja, hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Japan, JICA, ta kafa na'urorin lantarki na hasken rana a matatar ruwa ta madatsar Usuma. Sai dai masaƙar Arewa da takwarorinta na Kakuri sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, saboda ƙarancin lantarki da tsadar man injin da fasa-ƙwaurin yadi. An shafe shekara fiye da 40 ana saƙa a Kaduna, amma ba a kai ga kafa masana'antar da ke ƙera injunan saƙar ba.

A ɓangaren dogo ma haka. Layin da ya iso Kano a 1911 ya buɗe cinikin gyaɗa, ya ɗaukaka attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, amma an shimfiɗa shi ne domin kwashe amfanin gona zuwa bakin teku, kuma masu mulkin lokacin ba su da niyyar ganin an ƙera kan jirgi a nan. Wannan bambanci ne na gaske tsakanin ƙasar da ta riƙe 'yancinta da wadda aka mallaka. To amma an kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya tun 1955, kuma 'yancin kai ya haura shekara 60.

Akwai alamun an fara waiwayo. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT tana Zariya tun 1986. An kafa jami'ar sufuri ta tarayya a Daura, an kuma gina ma'aikatar haɗa taragu a Kajola ta Jihar Ogun. A 2018 Shugaban Ƙasa ya sa hannu kan umurni na biyar, wanda ya fifita ƙwararrun gida a kwangilolin injiniyanci. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar shiga harkar dogo da lantarki. Tarihin Japan ya nuna cewa amfanin irin waɗannan matakai ana auna shi ne da adadin shekarun da za a ɗauka kafin ɗan ƙasa ya karɓi aikin daga hannun baƙo.

Mai masana'anta a Idu, ko a Sharaɗa da Bompai ta Kano, ba sai ya jira gwamnati ba kafin ya ɗauki nasa rabon darasin. Idan zai sayi injin daga Sin ko Indiya ko Turkiyya, yana da damar sa horar da ma'aikatansa da miƙa zanen kayan gyara a cikin yarjejeniyar, ya kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai yaransa sun warware injin sun mayar da kansu. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979 domin rajistar irin waɗannan yarjejeniyoyi, tana nan a Abuja. Yana da damar tura ɗansa ko amintaccen yaronsa ya shiga masana'anta a waje ya ɓata hannu da baƙin mai, kamar yadda Yamanobe ya yi, kuma shirin ABE da Japan ta ƙaddamar a 2013 yana ba matasan Afirka gurbin karatu haɗe da sanin makamar aiki a kamfanonin can. Kaizen kuwa ba ya buƙatar sabon injin, illa allo da alƙalami da shugaban da zai saurari leburansa. Ƙasar Habasha ta kafa cibiya sukutum domin koyar da shi a 2011.

Darasin da ya fi wuya shi ne na haɗa jari. Kasuwancin ƙasar Hausa ya daɗe yana tafiya a kan amana tsakanin maigida da yaransa, amma sau da yawa dukiyar kan watse da zarar an raba gado. Shibusawa ya mayar da amana tsari: littafin lissafi da kowane mai hannun jari zai iya dubawa, mai binciken kuɗi daga waje, da shugaban da ake zaɓa don ƙwarewarsa. Da wannan ne mazari 10,500 suka yi abin da mazari 2,000 suka kasa. Attajirai goma na Kantin Kwari ko na Dawanau, idan suka amince wa juna a kan takarda kamar yadda suke amince wa juna da baki, suna da ƙarfin kafa ma'aikatar narkar da ƙarfe da za ta riƙa yin kayan gyaran taragu a gefen tashar Idu.